Ja ko Kore: Zuwanmu Segbana Neman Abin Hawan Baba

Tun da muka koma makaranta abokan ɗakina suka hana ni sakat. Sun ga hotona a waya ina zaune cikin wani koren abu mai taya huɗu, ba mota ba, ba babur ba, sai tambaya ta ƙi ƙarewa. Ina ne nan? Me ya kai ka Benin? Da gaske ka yi Faransanci? Ni kuwa in aka taru a kaina magana guduwa take yi. Shi ya sa na ce su bari in rubuta, kowa ya karanta, a ƙyale ni in koma kan karatuna.

Sai na fara da Baba, don saboda shi aka yi tafiyar. Gidanmu yana Bagudo, gonarsa kuma tana can wajen Kurgu, a ƙarshen wata siririyar hanya da ke ratsa gonakin mutane, ta gangara rafi, ta hau tudu. Shekara da shekaru da babur yake zuwa. Da kakar bara waccan ya faɗi a rafin, ƙafarsa ta hagu ta karye a gwiwa. Aka yi ɗori, ciwo ya warke. Amma daminar bara kaf a zaure ya yi ta, ana kawo masa labarin gonarsa kamar labarin wata ƙasa. Da bazarar bana ta kama ya gaya wa ƙanensa, Baffa Ilu, cewa in ruwan shuka ya sauka bai taka gonar nan ba, zai ba da ita aro ya huta. Duk wanda ya san Baba ya san in ya ba da gonar, shi ma ya gama fita.

Baffa Ilu fataucin albasa yake yi, kullum yana kan hanyar Benin. Shi ne ya ga wasu manyan babura masu ƙafa huɗu a Segbana, cikin ƙasar Benin, waɗanda wani kamfanin auduga ya gama aiki da su ya sayar wa wata mata.

"Ba su faɗuwa, Yaya," in ji shi. "Ko ka tsaya, tsaye suke. Laka, rairayi, rafi, duk ɗaya."

Baba ya fitar da shinkafar da ya ajiye aka sayar. Guda ɗaya za a iya saya, kuma ba za a sake ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani, musamman ku 'yan birni. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na zama inda yake zaune. In yana son wani abu a wurina sai ya gaya wa wani a gabana. Ba faɗa ba ne, kunya ce, haka aka yi masa shi ma. Ranar da aka tsai da tafiya ina tsaye a bakin zaure, ya dubi Baffa ya ce, "Ka tahi da wancan. Shina karance-karance."

Wannan ita ce duk aikar da aka yi mini, na kuma ɗauke ta da nauyi. Na karanta duk abin da na samu a waya kan irin waɗannan injuna: girman inji, tsawon ciki daga ƙasa, shan mai, wanda ke ja da taya biyu da wanda ke ja da huɗu. Sannan na ari keke na bi hanyar gonar da igiya a hannu. Wuri mafi ƙunci shi ne inda hanya ta matse tsakanin kwazazzabo a hagu da jerin gambar da Malam Ango, taubashin Baba, ya dasa a iyakar gonarsa a dama. Na auna faɗin wurin, na ƙulla ƙulli a igiyar, na sa ta a jaka.

Muka tashi bayan asuba, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan. Motar Kaoje ta cika har ta yi yawa. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ba zan iya musu ba, ta ɗora mini kwandonta a cinya. Har muka haye gadar Tuga tana ba ni labarin jikokinta, ni kuma ina ta ƙoƙarin leƙa sama ta gefen kwando. Ba ni kaɗai ba. Duk wanda ke motar nan rabin hankalinsa yana gabas, inda gajimare ya fara haɗuwa. Wani ya ce ruwan jibi ne, wani ya ce gobe ma bai kai ba. Duk sanda aka ce gobe sai in tuna maganar Baba ta ba da gona aro. Warin kifin nan kuwa bai bar rigata ba har muka dawo gida.

Daga Kaoje zuwa Tsamiya kabu-kabu muka hau. Na Baffa ya ɓace mana tun a kwanar farko. Nawa ya yi faci a tsakiyar daji, muka tura shi zuwa wata rugar Fulani inda wani ke da famfon hura taya. Mai babur ɗin ya zauna shan fura kamar ba shi da fasinja. Ni na kasa zama, na kai na komo, har matar da ta dama furar ta tambaye shi ko matata ce ke naƙuda.

A kan iyaka na sami Baffa yana cin gyaɗa da masu canjin kuɗi, kowa ya san shi. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. Ɓangaren Benin ne na yi wa shiri, don na haddace gaisuwa da bayanin abin da ya kawo mu, duk da Faransanci. Jami'in yana zaune a inuwa, ya karɓi katina, ya ɗago kai. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya jira. Na sake buɗewa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan makaranta, ina kwana? Ya gajiyar hanya?" Hausarsa ta fi tawa daɗi. To ga amsarku, ban yi Faransanci ba. Baffa ya ba da wannan labarin a duk inda muka tsaya, kowane karo yana ƙara wa shirun nawa tsawo.

Muka shiga Segbana rana tsaka, muka tarar da gari ya kwanta. A can in rana ta take, ofis da manyan shaguna rufewa suke, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci, sai wajen la'asar a dawo. A Bagudo in ka rufe shago da rana sai a zo yi maka gaisuwar rashin lafiya. Garejin matar da muka zo wurinta yana kulle da kwaɗo. Baffa ya kai ni rumfar wata mai abinci muka ci sakwara da miyar gyaɗa, da wani jan cukun Fulani da suke soyawa suna sa wa a miya. Ya gama, ya miƙe a benci, ya rufe fuska da hula. Ni na koma jikin kwanon da aka kewaye garejin da shi ina leƙe ta ramin ƙusa, ban ga komai ba sai gefen taya. Ina nan tsaye mata suna ta wucewa a kan babura, wata da goyo, wata da daro a ka, su ke tuƙa kansu ba mai ko waiwayensu sai ni.

Madam Salamatu ta iso ita ma a kan babur. Ƙatuwar mace ce Badandiya, mukullai ɗaure a bakin zanenta, Hausarta tana da gishirin Dendi.

"Alhaji Albasa," ta ce wa Baffa, "ka kawo mini mai saye ko ka kawo mini liman?"

"Injiniya na kawo miki. Ki ɓoye ƙaryarki."

Cikin injunan da ke garejin biyu ne ke tashi. Ɗaya ja ne, ana hawansa kamar babur, a raba ƙafa a kan sirdi a riƙe kai da hannu biyu, sai dai ya yi babur biyu a kauri, tayoyinsa kamar na ƙaramar tarakta. Ɗayan kore ne, ya fi shi tsufa da faɗi, yana da sitiyari da kujera biyu da rumfa, da akwatin kaya a baya, ba ƙofa, ba kuma sa giya da ƙafa. Tun daga nan muka riƙa ce musu Ja da Kore.

Bayan garejin akwai hanyar daji da ke bi ta cikin kaɗanya ta gangara wani busasshen rafi, nan Madam ta ce mu gwada. Baffa ya ɗare Ja. Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsa. Ya tashi a guje, ya sauka rafi ya hau gangare kamar ba gangare ba. Da ya zo juyawa Ja ya ɗaga taya ɗaya, Baffa ya tsorata ya damƙe kai da ƙarfi, yatsansa ya danne totur, sai cikin shingen ƙaya. Ya fito lafiya, hularsa ce ta tsaya a rataye. Ina tsammanin zai tsani abin, sai na ga yana dariya yana shafa masa tanki.

Ni da Madam muka biyo shi a Kore, ita ke tuƙi. Ba gudu, ba kuzari, yana tafiya yana rangaji kamar saniya mai ciki, amma duk inda Ja ya bi shi ma ya bi.

Da muka koma na duba abin da na zo dubawa. Ja ya fi sabon inji, ya fi ƙarancin shan mai, kayan cikinsa sun fi kama da abin da makanikan Bagudo suka saba taɓawa. Kore yana ɗigar mai kaɗan, kujerarsa ta yage. Na fito da igiya. Ja ya shiga cikin ƙulli har da saura. Kore ya wuce ƙulli da kamar tafin hannu.

"To, magana ta ƙare," in ji Baffa. "Littahinka ya ce Ja, igiyarka ta ce Ja, ni na ce Ja. Kuma Yaya mutumin babur ne. In kai mishi kujera kamar tsohuwa?"

Madam ta ce mu dawo da safe a yi takardu.

Muka sauka a wani masauki bayan kasuwa, ɗaki ɗaya, katifa biyu, fanka mai kuka. Mai wurin ya kawo mana bokitin ruwa ya tsaya yana ta yi mini bayani da Faransanci, don Baffa ya gaya masa na iya. Da magariba walƙiya ta fara wasa a gabas, wajen gida. Na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita. Ba ruwan kaɗai ya dame ni ba.

Ga abin da ke cina. Tun da Baba ya ji ciwo ba ya tashi a gaban mutane. Duk wanda ya zo zaure zai same shi zaune, ya baza riga ta rufe ƙafafunsa, zai kuma bar shi zaune. In an tambayi ƙafa ya ce ta warke. Baffa da ke zuwa kullum bai taɓa ganinsa a tsaye ba, bai kuma lura ba. Ni da ba na zama inda yake, tagar ɗakina tana kallon ƙofar zaure ta ciki. Na ga yadda yake tashi in kowa ya watse. Sai ya karkata, ya dafa bango, ya jawo ƙafar nan a miƙe kamar taɓarya, don gwiwar ta sandare, ko kaɗan ba ta lanƙwasuwa. Wata safiya na ga ya je wurin tsohon babur ɗinsa, ya riƙe kai, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ɗauko tabarma ya rufe babur ɗin.

Ta yaya ɗa zai faɗi wannan? Abin da uba ya rufe da rigarsa, ɗan fari ne zai yaye? Kuma in yi musu da Baffa a gaban baƙi, bayan ni da kaina na auna na ce Ja ya fi?

Da safe wurin mai shayi suka ba mu kofi da madara a kwano, da dogon burodin nan nasu da suke ɗauka a hammata ba leda. Na tattara ƙarfina na ce, "Baffa, ƙahwar nan ta Baba..."

"Ta warke, yaro. Shi da bakinshi ya ce. Sha mu tahi, ka ga sama."

Muka tarar an fito da Ja ana wanke shi. Madam ta shimfiɗa takardu a kan benci, Baffa yana neman biro. Na san in ya sa hannu an gama. Bakina kuma na san halinsa. Sai idona ya faɗa kan wani guntun gora a jikin shinge.

Na ɗauko shi, na zauna a ƙasa, na miƙe ƙafata ta hagu, na jera goran daga cinya zuwa idon sawu, na naɗe da igiyar awo na ɗaure tamau.

"Kai, mi kake yi?" in ji Baffa.

Na karkata, na dafa shinge, na tashi yadda na ga ana tashi. Masu wanki suka dakata, masu wucewa suka leƙo. A rayuwata ban taɓa tara ido haka ba, kunnuwana kamar an sa musu wuta. Na ja ƙafa zuwa wurin Ja. Ta hagu na fara, na tsaya kan sandararriyar ƙafa na wurga ta dama. Da ƙyar na haye, amma da na zauna ƙafar hagu ta ƙi zuwa matakinta, ta tokare murfin taya ta tsaya a waje kamar reshe. Na sauka na zagaya ta dama. Nan dole ita ce za ta tsallake sirdi. Na kama ta da hannu na ɗaga, na ɗaga, sai ga ni kwance a ruwan wanki.

Aka fashe da dariya, har Madam. Na ji dariyar kowa ban ji ta Baffa ba.

Na sake tashi, na nufi Kore. Na juya masa baya na zauna kamar mai zama a kujerar gida. Na shigar da ƙafar dama. Na kama ta hagu da hannu biyu na ɗauke ta na miƙe a gefen birki, ta sami wuri har da saura. Na ɗora hannu a sitiyari. Totur da birki duk ƙafar dama ke taka su.

Baffa ya matso, ya rage murya.

"Haka take?"

"Haka take, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka kwance ɗori."

Ya juya baya, ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana kallon shinge. Da ya juyo ya ce, "Amma wanga ba ya wucewa wurin Ango."

"Ba ya wucewa."

"To?"

Madam ta tattara takardun Ja ta mayar cikin jaka.

"Ni dai ba zan sayar muku da wancan Jan ba," ta ce. "Ku kai wa tsoho, ya zauna Najeriya yana tsine mini. Kuma ku kwance limamin nan, ƙafarsa ta fara kumbura."

Komowar ba ta da labari sai jira. Aka biya kuɗin Kore, aka ɗora shi a motar wani abokin fataucin Baffa da ta sauke albasa za ta koma. A iyaka takardu suka ci mana rabin yini, ana bi layi-layi, sama tana ƙara baƙi. Muna barin Kaoje iska ta taso, kafin gada ruwa ya ɓarke. Ina bayan mota a tsugune cikin Kore, ƙarƙashin rumfarsa, ina ganin mutane a ƙofar gidajensu suna fito da sungumi suna dubawa. Ruwan shuka ne, ba mai shakka. Baffa yana gaba, tun Segbana bai ba kowa labarin Faransancina ba.

Washegari da sassafe ƙofar gidanmu ta cika da 'yan kallo. Baba yana zaune a zaure, riga a baze, yana hango Kore ta ƙofa. Da a da ne Baffa zai ce, taso ka gani, Yaya. Sai na ga ya fita ya kori kowa, wannan ya aike shi, wancan ya tuna masa gonarsa na jira. Ya ɗora buhun iri a akwatin baya, ya kawo Kore dab da bakin zaure, ɓangaren sitiyari yana kallon ƙofa, ya ce zai shiga ciki ya gai da Inna. Na juya zan bi shi.

"Ilu," in ji Baba. "Ce ma wancan shi tsaya. Kujera biyu na gani."

Na tsaya, na ba shi baya ina kallon bango. Na ji tabarma ta motsa, na ji jan ƙafa, na ji numfashi, sannan kujera ta yi ƙara. Na zagaya na shiga. Ba mu taɓa zama kusa haka ba. Ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya tambaye shi, "Wanne ake takawa shi tahi?"

Ni ma na ba sitiyari amsa. "Na dama. Na kusa da shi birki."

Muka fita da fizga, muka tsaya, muka sake fizga, har ƙafarsa ta gane. Bayan gari ya fara sakin jiki. Laka ta yi ta tsalle, masu shuka suna ɗago kai suna bin mu da ido. A rafin da ya faɗi ruwa yana gudu kaɗan. Bai rage tafiya ba, bai kuma kalli gefe ba.

Sai ga matsin. Kwazazzabo a hagu, ɓangaren Baba, ruwan jiya ya ƙara cin bakinsa. Kututturan gamba a dama, sun fara tsiro. Malam Ango yana tsaye a kansu da sungumi. Baba ya taka birki. Igiyar tana aljihuna, na san abin da ta ce.

"Wa nike gani?" in ji Malam Ango. "Ashe ba ka mutu ba. Na ce ko an rufe ka ba a gaya mini ba."

"Kauce, ko in shuka ka."

"Da wanga amalanken? Ba ya wucewa. Koma zaure, in na gama in kawo maka labari."

Baba ya dubi kwazazzabo, ya dubi gamba. Ya murɗa sitiyari dama ya taka. Tayoyin ɓangarena suka hau kututture, Kore ya karkata wajen rami har na ga ƙasa tana zubewa daga bakinsa. Na riƙe ƙarfen rumfa na jingina jikina waje. Kututture na farko, na biyu, na gaba, sai muka faɗo kan hanya.

"Gambata, ɗan banza," in ji Malam Ango a bayanmu, yana biyo mu da sungumi a kafaɗa. "Da mi zan yi zana bana?"

"Ka yi da gemunka," in ji Baba. Yana dariya, irin wadda kafaɗa ke rawa. Na manta yana da ita.

A gona ma'aikata suna can ɗaya gefen, sun tsaya cak suna kallo. Malam Ango yana tahowa. Baba ya kashe inji kamar yadda ya ga Baffa ya yi. Na ɗauka zai jira a kau da ido, har na fara juyar da kaina. Bai jira ba. Ya tattare riga, ya kama ƙafar da hannu biyu, ya sauke ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a gaban kowa, ya dafa rumfa ya miƙe. Ya tsaya yana kallon gonar daga wannan iyaka zuwa waccan.

Ya waiga dama, ya waiga hagu, babu kowa kusa da zai ba saƙo. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "A ɗauko iri."

Na ɗauko.